Dodon koɗin teku a ɗakina a Kaduna

Wallahi ranar da direba ya kawo min su daga Legas cikin leda, na ɗauka an cuce ni. Guda shida ne, kowanne bai wuce kan ɗan yatsa ba, ina saka su a tankin gilashin da nake kiwon kifin ruwan gishiri sai suka nutse cikin yashi, kwana biyu ban ga ko ɗaya ba. Ashe halinsu ke nan. Nassarius ake ce musu, binne kansu suke yi su bar wani siririn bututu a waje kamar hancin giwa, da shi suke jin ƙamshin abinci. Na gutsuri jatan lande na jefa, ko minti ɗaya ba a yi ba yashin ya fara motsi, ga su nan sun ɓullo suna rige-rige.

Na saye su ne don su cinye min gansakukar da ta rufe gilashi, to ba sa ci. Mushe da ragowar abincin kifi su ne cimarsu, kuma shiga da fitar da suke yi tana motsa yashin kada ya ruɓe.

Abin da ya fi ƙona min rai da hunturu ya faru. Iskar nan ta Kaduna shanye ruwa take yi kamar me, kullum tanki na raguwa, ni kuma ina ta ƙara ruwan gishiri, ban yi tunanin cewa ruwa ne kawai ke tashi gishirin yana nan zaune ba. Gishirin ruwan teku kusan giram 35 ne a lita ɗaya, nawa ya zarce sosai, biyu suka mutu, sai ɓawon na tsinta. Yanzu na ja layi da alƙalamin maka a jikin gilashi, da ruwan ya sauka sai in ciko da tataccen ruwa zalla, sannan na sayi ɗan famfon iska mai batir saboda ɗauke wuta.

Mama ta ɗauki ɓawo ɗaya tana juyawa ta ce, "Kai, wannan ai kamar wuri." Na ce ba dangi ɗaya ba ne Mama, amma a kogon Blombos na Afirka ta Kudu an tono irinsa da aka huda aka yi tsakiya, shekara wajen 75,000 da suka wuce. Ta ce in huda mata biyun nan.