An sallami Auta, ga godiyata

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya da yamma aka sallami ƙanena Auta daga asibiti, bayan faɗuwar da ya yi a tafiyarmu ta keke. Yanzu haka yana kwance a ɗakina yana ta sharar barci, hannun dama a rataye a ƙirji. Ni kuwa idona ya ƙi rufuwa, shi ya sa na ce bari in sauke wannan nauyi tun yanzu. Saƙonninku sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kira ban ɗauka ba, wanda ya rubuto bai ga amsa ba, don Allah a yi mini afuwa, kwana biyar na yi ina barcin zaune a kujerar asibiti.

Aikin da aka yi masa a ƙashin kafaɗa ya yi kyau, hoton kai ma sau biyu aka ɗauka ba a ga komai ba. Saura haƙarƙari biyu da suka tsage, su kuwa an ce sai haƙuri, da kansu za su haɗe. Shi ya sa idan kun kira shi kada ku ba shi dariya.

Ba zan maimaita tafiyar ba, kun bi mu tun daga Ravenglass, a gaɓar tekun yammacin Ingila, kuna ganin hotuna. Sai dai ga masu cewa mun jefa kanmu daji, su sani hanya ce sananniya ta masu keke, lamba 72, ga alluna shuɗɗa a kowace mararraba. Mil kusan 170 ce daga tekun yamma zuwa South Shields a tekun gabas, tana bin sawun katangar da Sarkin Rumawa Hadrian ya sa aka fara ginawa a shekara ta 122, wadda ta ratsa arewacin Ingila tsawon mil 73. Daga yamma muka faro saboda galibi iska daga can take busowa, sai ta zama tana tura ka. Kwanakin farko shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce a bakin ruwa, har Auta yana cika baki wai wannan ai yawon yara ne. A Burgh by Sands abokin tafiyarmu Dogo ya gaya mana cewa a ƙarni na 3 akwai rundunar sojoji 'yan Arewacin Afirka da Rumawa suka girke a wurin. Auta ya ƙudundune cikin jaket ya ce, "Yaya, ashe ba mu ne farkon 'yan Afirka da sanyin nan ya wahalar ba." Bayan Brampton ne tuddai suka fara nuna mana halinsu. Muka wuce tsohon cocin Lanercost, wanda da duwatsun katangar aka gina wani sashensa, muka hau Banks muna haki, muka tsaya a sansanin Birdoswald. A hawan Greenhead kuwa babu wanda bai sauka ya tura ba, har mai cika bakin.

Akwai abin da ban faɗa muku ba sai yau, kuma shi ne ya hana ni barci. A Birtaniya birkin ƙafar gaba yana hannun dama ne. A Jamus, inda Auta yake karatu kuma yake hawan keke kullum, hannun dama birkin baya ne. Na san wannan sarai. Ranar da muka karɓo masa keken haya na yi niyyar in ja masa kunne, sai hira ta ɗauke mu, daga baya na ga yana tafiya lafiya na ce ai ya gane da kansa. Ya gane ɗin, amma hannu idan ya firgita abin da ya saba yake komawa. A gangarar nan bayan mun bar tsohon sansanin Rumawa na Vindolanda ana yayyafi, sai ga irin ƙarafan da ake jerawa a kan rami a tsakiyar hanya don kada tumaki su tsallaka. Jiƙaƙƙen ƙarfe ba ya riƙe taya. Ƙa'ida ita ce ka rage gudu tun kafin ka iso, ka bi ta kai a miƙe, kada ka taɓa birki, kada ka karkata. Auta bai gan su da wuri ba, ya damƙe hannun dama yana zaton baya ya kama.

Ni ne a bayansa. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba faɗuwar ba ce, ƙafar keken ta baya ce da ta ci gaba da juyawa a sama tana wannan ƙaramar ƙara, ƙas ƙas ƙas, shi kuma yana kwance rigingine a gindin katangar dutse ko motsi ba ya yi. Na kira sunansa sau uku. Na kira shi da sunan da Umma kaɗai ke kiransa da shi. Shiru. Abokin tafiyarmu da muke kira Likita ya ce bai kai minti biyu ba kafin ya buɗe ido, to shi ya san lissafinsa, ni dai a cikin wannan ɗan lokaci na gama tsara yadda zan ɗauki waya in gaya wa matar da ta ce mini, "Ga ƙanenka nan, amana." Kalmar da ya fara furtawa da ya farfaɗo ita ce, "Yaya, keken mutane."

Na san ba a so a fito da mutum fili a kan alherin da ya yi don Allah, kuma Likita da Dogo sun gargaɗe ni. Su yi haƙuri, zan faɗa.

Likita, kai ka riƙe mini hannu lokacin da na kai shi zan cire masa hular kwano in ɗaga shi zaune. Ka daka mini tsawar da ba ka taɓa yi mini ba a shekarun da muka yi tare, ka ce kada a motsa wuyansa. Ka durƙusa a taɓo ka tallafe kansa da hannu biyu fiye da rabin awa, kana ta jansa da hira, kana tambayarsa ranar mako da sunan ƙanwarmu don ka ji ko hankalinsa na nan. Mun saba tsokanarka da wannan laƙabi muna cewa ma'aikacin jinya ne kawai. Daga yau na daina. Allah ya sa hannun nan ya zama sanadin shigarka Aljanna, ya raya maka zuriya, ya tsare ka daga ganin irin wannan rana a kan naka.

Dogo, a kwarin babu sabis ko ɗigo. Ka juya keke ka sake hawa tudun da muka gama gangarowa, da ƙafafun da tun safe kake cewa sun mutu, har ka samu ka kira 999, lambar neman agajin gaggawa. Kai ne kuma ka kwana biyu a ƙasan ɗakin jiran asibiti ka ƙi tafiya, ka yi ta yi wa wurin aikinka bayani a waya. Allah ya buɗa maka ta inda ba ka zato, ya biya maka buƙatar nan da ni da kai muka sani.

Sai dattijuwar. Ban nemi izininta ba, don haka ba zan faɗi sunanta ko na gonarta ba. Ta tarar da Dogo a kan tudu yana fama da mai amsa waya, ya kasa kwatanta inda muke, don ko'ina ka duba tumaki ne da katangun dutse iri ɗaya. Ta karɓi wayar ta yi jimla biyu, shi ke nan an gane wurin. Ta goyo shi a babur ɗinta mai ƙafa huɗu, karenta na bin su a guje. Za ta kai shekara saba'in. Ba ta tambaye mu daga ina muke ba, ba ta tambayi me ya kawo mu ba. Ta tuɓe kwat ɗinta ta lulluɓa wa Auta, ta tsaya cikin ruwa da 'yar rigar sanyi. Da ta ga yana karkarwa ta koma gida ta kwaso barguna. Ta ajiye babur ɗin a gicciye a saman gangara don kada wata mota ta faɗo mana. Ni na rasa abin faɗa, sai "Mama, na gode, Mama, na gode" nake ta yi, har ta yi dariya ta ce rabon da a kira ta haka tun da ɗanta ya tafi Ostareliya.

Da safiyar wannan rana, a Vindolanda, Dogo ya ba mu labarin siraran allunan katako da aka fara tonowa a wurin a 1973, wasiƙun mutanen sansanin ne da aka rubuta da tawada wajen shekara ta 100, tun kafin a gina katangar. Danshin ƙasar da iska ba ta shiga ne ya hana su ruɓewa. A ciki akwai ta wata mata, Claudia Severa, tana gayyatar ƙawarta bikin ranar haihuwarta. Akwai kuma wadda wani ya rubuto yana cewa ya aiko da safa, da takalma ƙafa biyu, da kamfai biyu. Muka yi ta dariya, Auta ya ce duk girman daular Rum ashe a kan safa ta tsaya.

Wajen ƙarfe biyun dare, an shiga da shi ɗaukar hoto, ina zaune ni kaɗai a baranda, takalmana cike da ruwa, yatsun ƙafata ba na jin su. Na sa hannu a aljihun jaket ina neman caja, sai na ji wani abu mai laushi. Safa ce ta ulu, mai kauri, ruwan toka, an ɗinke dunduniyar ɗaya da zare na wani launi daban. Ban san lokacin da ta cusa mini ita ba, ina jin sa'ad da nake hawa motar asibiti ne. Duk hankalin kowa yana kan wanda ke kwance, ita ta duba ƙafar wanda ke tsaye. Tun faɗuwar Auta ban yi kuka ba, sai a nan. Wata ma'aikaciya ta zo wucewa ta ga ƙato riƙe da safa yana sheshsheƙa, ta zaci mummunan labari aka ba ni.

Allah ya saka wa wannan baiwar Allah da mafificin alheri. Allah ya albarkaci garkenta, ya ba ta lafiyar gwiwa da ta ido, ya dawo mata da ɗanta ta gan shi, kada ya bar ta ita kaɗai a ranar da za ta buƙaci mutum. Ma'aikatan motar asibiti, da likitocin ƙashi, da masu jinyar dare da suka kau da kai suka bar ni na wuce lokacin ziyara, da masu hayar keken da suka aiko aka ɗauki nasu ba tare da wata magana mai zafi ba, Allah ya sauƙaƙa muku kamar yadda kuka sauƙaƙa mana. Abokan karatun Auta da suka haɗa kuɗin jirgi suka turo ɗaya daga cikinsu, mun ga zumunci. Gwaggo, da ba ta iya latsa waya ba amma kowace asuba sai ta sa jikanta ya kira ni, Allah ya ƙara miki nisan kwana.

Ban so in taɓo wannan ba, amma ya tsaya mini a maƙogwaro. Muna da 'yan uwa na jini a ƙasar nan, tafiyar awa uku a jirgin ƙasa. Sun ga komai, don ina ganin sunayensu cikin waɗanda suka duba hotunan. Wani ya turo hoton hannu biyu a ɗage, wani kuma da ya kira abin da ya fara cewa shi ne, "Wa ya aike ku?" Ba komai. Kowa da uzurinsa, kuma ban riƙe kowa ba. Kawai dai a da ana gaya mana zumunta a ƙafa take, na zauna ina kallon ƙofar ɗakin kwana biyar.

Umma, ki yafe mini daren da na ɓoye miki. Da kika kira na ce miki yana barci, ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Kin ce kin ji a jikinki. Na kuma gaya miki maganar birkin da bakina kafin in rubuta ta a nan, kika ce abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Na karɓa, amma duk wanda zai ba ɗan'uwansa keke a ƙasar da ba tasa ba, ya tsaya ya sa shi ya matsa kowane hannu ya ga wace ƙafa ce ta kama.

Tafiyar yini guda ta rage mana, Hexham, Corbridge, Newcastle, sai sansanin Arbeia a South Shields, inda Auta ya ƙwallafa rai sai ya ga dutsen kabarin Regina, wanda mijinta Barates, mutumin Palmira ta Siriya, ya sa aka sassaƙa mata. Tun yana gadon asibiti ya fara cewa baɗi za mu ƙarasa. Na ce ya bari Umma ta huce tukuna.

Kekunanmu uku suna can a ɗakin ajiyar ciyawar dattijuwar. Ranar Asabar ni da Dogo za mu je mu ɗauko, na wanke safar na naɗe ta. Umma ta turo saƙon murya na minti huɗu, addu'a ce zalla, ta ce lallai in kunna mata ta ji da kunnenta sannan in fassara. Tun ɗazu nake juya yadda zan ce mata "Allah ya jiƙan mahaifa" da Turanci.