Keken yaya mai taya ɗaya: inda aiki ya kai a sati na shida

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon walda, kwana biyu kun ji ni shiru, aikin keken nan ne ya riƙe ni. Ga wanda bai san zancen ba, yayana ne shan inna ya kama tun yana ƙarami, kekenshi mai taya uku yana mishi aiki cikin gari amma da ya sauka daga kwalta ya shiga rairayi shikenan ya cije, shi kuma ya daɗe yana son ya kai bakin tafkin Madarunfa, ba wai ya hango daga cikin mota ba.

A salula na ga irin wanda ake kira joëlette a Faransa, wani Joël Claudel ne ya ƙera shi saboda wani yaro ɗan uwanshi da ba ya iya tafiya. Taya ɗaya ce tal ƙarƙashin kujera, mutum ɗaya gaba yana ja, ɗaya baya yana riƙe daidaito. Da shi suke bin 'yar siririyar hanyar bakin teku ta yankin Biretanyi a can Faransa, wadda ma'aikatan duwan ke sintiri a kai a zamanin da, duk duwatsu da gangara. Na ce to mu da ba mu da teku ai muna da rairayi da ƙarangiya, bari in ƙera mishi irinshi.

Gwajin farko dai kunya munka sha. Tayar keke na sa, siririya, muna shiga cikin gulbi inda ruwa ya janye ta nutse kamar an caka wuƙa cikin tuwo. Wannan mai sauƙi ne, na samo tayar gaba ta tsohon moto wajen 'yan gwangwan, na rage mata iska kaɗan, sai ta riƙa shimfiɗuwa bisa rairayin.

Babban kuskuren wurin kujera ne, nan nake so ku kula. Na kafa ta gaba da tsakiyar taya da kusan taƙi ɗaya, a ido ba komai ba ne, amma da yaya ya zauna duk nauyinshi ya koma hannun ƙanena da ke gaba, ko minti biyar bai yi ba kafaɗunshi sunka fara rawa. Maigidana ya zo ya duba bai ce uffan ba, ya ɗora buhun gero a kai ya ce in riƙe sandunan da ake kama keken da yatsa biyu, in ban iya ba to kujera ba ta zauna ba. Sau uku ina yanke walda ina matsar da ita baya, bututun har ya fara cinyewa sai da na yi mishi ƙari. Yanzu kwankwason mai zama na bisa tsakiyar taya sak.

Sai dai buhu ba ya magana. Ranar Juma'a da yamma munka koma gulbi, wajen gangarawa na karkata keken ban faɗa ba, yaya ya damƙe ƙarfe ya ce kai, ni ba gero ba ne, ka riƙa gaya mini kafin ka juya. Wallahi na ji nauyi. Tun daga nan shi ke ba da umarni, tunda yana sama ya fi mu ganin hanya, shi zai ce dama, hagu, ku tsaya. Ya kuma sa na ƙara mishi wurin aje ƙafa da majanyi a ƙirji, abin da ni ko tunaninshi ban yi ba.

Saura abu biyu. Ƙafafun da za a jingine keken in an tsaya hutawa ban yi ba tukuna, yanzu in mun gaji sai dai mu nemi gindin gawo mu tokara. Sai birki, na jawo wayar zuwa hannun na baya amma ta yi tsawo tana saki, in ka matsa sai ta kai ƙarshe kafin ta kama. Wanda ya taɓa haɗa birkin moto da doguwar waya don Allah ya leƙo garaji kafin Asabar, yaya ya riga ya ce a tanadi kuɗin soyayyen kifi na Madarunfa.