Yadda muka ƙwato gefen titinmu a Tudun Wada

Titinmu ya fi cin mutane bayan an gyara shi. Lokacin da yake duk ramuka, direba kan bi a hankali don tausayin motarsa, mu kuma mu tsallaka yadda muka ga dama. Da aka shimfiɗa sabuwar kwalta, sai ya zama hanyar yanke ga duk mai son faɗawa baifas ɗin Nnamdi Azikiwe ba tare da ya shiga cunkoson cikin gari ba. Ni kemis gare ni a bakin titin, nan Tudun Wadar Kaduna, kuma duk wanda aka buge wurina ake fara kawo shi kafin a nemi abin hawa zuwa asibiti. Yadda auduga da bandeji suka riƙa ƙarewa a shagon ya ishe ni shaida. Yawanci 'yan Islamiyya ne, sai tsofaffi, sai masu keke.

Ranar da Napep ya karya wa wani yaro ƙafa bayan la'asar, matasa suka tashi a fusace, suka ce a daren nan za su kwaɓa siminti su gina tudu a tsakiyar titi. Kowa a Kaduna ya san irin tudun nan: siriri, mai tsini, ba fenti, wanda in ka hau shi cikin duhu sai gadon bayanka ya amsa. Mai unguwa ne ya tare su, ya ce a bi ta hanyar da ba za a zo a rushe gobe ba. Aka haɗa ɗan kwamiti: ni, da ladan, da shugaban Islamiyya, da wani birkila, da wata malamar firamare, da wani injiniya ɗan unguwa da ya yi ritaya.

Injiniya ya ce kada a taɓa komai tukuna, a zauna a kalli titin. Muka auna mita 100 tsakanin falwaya biyu, muka riƙa duba agogon waya. Lissafin mai sauƙi ne. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cinye wannan tazarar a sakan 12. Mai gudun 50, wanda shi ne iyakar da ƙa'idar tuƙi ta Najeriya ta sa a cikin gari, sakan 7 da ɗan ɗori. Mun ga waɗanda suka wuce a sakan 5, wato sun haura 70, a titin da ƙofar makaranta ke buɗewa a kansa.

Ya ƙara mana da wani lissafin da ya zauna mini a kai. Mota mai gudun 50 tana tafiya kusan mita 14 a kowane sakan, kuma kimanin sakan guda ne abin da direba ke buƙata tsakanin ganin yaro da kai ƙafa kan birki. Mai gudun 30 kuwa, da ganin da taka birkin da tsayawar cak, duka wajen mita 13 ne. Ke nan a daidai inda mai 30 ya riga ya tsaya, mai 50 bai ma fara rage gudu ba. Wannan ne ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Suwidin a 2020 ya nemi a mayar da gudu 30 a duk inda motoci ke cakuɗa da mutane. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

Amma abin da zaman kallon titin ya nuna mana ya wuce gudu. Ana yawan cewa mutanenmu ba su iya tsallaka titi ba. Gaskiyar ita ce mafi yawan waɗanda muka gani a kan kwalta ba tsallakawa suke ba, tafiya suke a tsawonta, don ba su da wani wurin takawa. Lambatu a buɗe yake hagu da dama. Tsakanin lambatu da shaguna an cika da tebura da janareto da kwandunan tumatir. Tsakanin lambatu da kwalta kuma Napep ne a jere. Mace mai goyo, riƙe da hannun wani yaron, ina za ta bi? Dole ta hau kwalta, ta bai wa motoci baya, ta dogara ga Allah da odar direba.

Saboda haka aikin farko ba tudu ba ne, rufe lambatu ne, ya zama hanyar ƙafa. A nan kuma aka fi shan wuya, don ba da siminti ake fama ba, da abincin mutane ake fama. Akwai wata dattijuwa mai ƙosai da ta riga yawancinmu zama a bakin titin. Na je na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, ba tashin ki muka zo yi ba. Taku uku kawai za ki ja baya."

"Ɗan nan, taku ukun nan su ne cinikina. Mai mashin ba ya sauka, hannu yake miƙowa. In na ja baya, ta gaba ce za ta samu."

Gaskiya ta faɗa. Muddin mutum ɗaya ne zai ja baya, shi ya yi asara. Sai dai kowa ya ja a rana ɗaya, a kan layi ɗaya. Haka aka yi. Mai unguwa ya tara masu shaguna da masu tebura a ƙofar gidansa bayan isha'i. Da hayaniya ta yi yawa ya ce, "Jama'a, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba wanda za a kora." Aka tsayar da magana kafin a zuba ko murfi ɗaya: kowane mai shago zai biya kuɗin murafen da ke gabansa, wanda ba shi da hali a haɗa masa, kuma ba a ɗora komai a kai, ko da bokiti ne. Wannan jerin yana da muhimmanci. Na ga titunan da aka rufe lambatu ba tare da an yi wannan zaman ba, washegari murfin ya zama sabon wurin kasa kaya, masu tafiya suna nan a kan kwalta inda suke.

Birkilanmu ya zuba murafen da rodi a ciki, kowanne daidai yadda mutum biyu za su iya ɗaga shi a yashe lambatu kafin damina, ya kuma daidaita su da juna don kada tsoho ya yi tuntuɓe. Inna ta samu wuri a jikin katanga, mai shagon kusa ya ba ta inuwar rumfarsa. Masu mashin ɗin da take tsoron rasawa yanzu kafewa suke yi su sauko. Har yau takan ce cinikin safe ya ragu, na yamma ya ƙaru, kuma ban taɓa yi mata musu ba.

Masu Napep kuwa tasharsu a bakin mahaɗa take, daf da ƙofar makaranta. Da muka je wurin ciyaman ɗinsu ya ce, "Malam, mu fa inda fasinja yake nan muke." Malamar firamare ce ta kawo dabara. Muka ɗora jarka a kan jarka, daidai tsayin yaro ɗan shekara 6, muka ajiye a gaban Napep ɗin farko a layi, inda yara ke fitowa su tsallaka. Muka roƙi Ciyaman ya tuƙo nasa daga sama kamar yadda ya saba, ya danna oda da zarar ya hango jarkokin. Bai danna ba sai da ya zo daidai da su. Ya sauko, ya zagaya, ya tsuguna a inda suke, ya duba titi daga can. Bai ce mana komai ba, yaransa ya kira. Aka matsar da tashar wajen mita 20 ƙasa, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, muka kafa musu benci da 'yar rumfa. Su da kansu suka sa tara ga duk wanda ya yi lodi a bakin makaranta, kuma tararsu ta fi tamu tasiri nesa ba kusa ba. Jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jiha, ba za su kwana a kowane titin unguwa ba, amma ɗan kamasho yana nan daga asuba. Ina ganin inuwar ce ta riƙe su fiye da duk wani bayani namu.

Maganar tudu ta zo daga baya. Tituna a ƙasar nan kashi uku ne, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, kuma sai ka san na wa ne kafin ka san inda za ka kai takarda. Muka rubuta, mai unguwa da kansila suka sa hannu, Injiniya ya haɗa da zane da lissafin gudun da muka ɗauka. Takardar da ke ɗauke da zane ta fi takardar kuka saurin samun mai karantawa. Aka yarda da tudu biyu, ɗaya kafin makaranta ɗaya bayanta.

Tudun kirki ba tsini ne da shi ba, faɗi ne: tsayinsa bai wuce santimita 10 ba, amma mota kan yi kusan mita 4 tana hawa da sauka. Mai tafiya a hankali ba ya jin komai, mai gudu ne ke shan jijjiga. Siririn tudu akasin haka yake yi. Babbar mota ta taka shi da gudu ta wuce, mai keke da mai tura kurar ruwa su ne ke wahala, Napep kuma ya kauce zuwa gefe don ƙafa ɗaya ta tsira, gefen nan kuwa nan mutane suke. Don haka namu ya kai har bakin lambatu, sai 'yar kafar da ruwa zai bi. Tsakanin tudun biyu muka ja zanen tsallakawa, muka kafa fitilar sola a kansa, saboda tashin 'yan Islamiyyar dare da kuma hazon hunturu.

Masu keke su ne ban gamsu da abin da muka yi musu ba. Garin nan da keke ya tashi. Mahaifina ma'aikacin masaƙar KTL ne a Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, kuma a kan keken Raleigh ya yi shekarunsa yana tsallaka gadar kogin Kaduna safe da yamma cikin ayarin abokan aikinsa. Yau an faɗaɗa manyan tituna tun daga aikin sabunta birni da aka fara a 2019, an yi gadar Kawo da aka buɗe a 2022, an yi wa masu ƙafa wurin takawa a wurare da dama, amma mai keke har yanzu raɓe yake. Kuma masu keken ba 'yan motsa jiki ba ne: ɗalibai ne, da masu gadi, da malaman allo, da masu kai burodi.

Matasanmu sun ja farin layi a gefen kwalta suka ce na keke ne. Fenti ba ya hana mota tsayawa, kafin a jima layin ya zama wurin fakin. Titin ba shi da faɗin da za a gina shinge, sai muka koma ga ƙananan abubuwa. Babba a cikinsu yashi ne. Duk ruwan da aka yi yana tara yashi a gefen kwalta, kusan faɗin mita guda, wanda mai mota ba ya ma lura da shi. Mai keke kuwa in ya shiga, tayar gaba ta zame. In ya kauce, ya faɗa gaban mota. Yanzu masu shaguna na kwashe na gabansu da shebur, birkila na zuwa ya ɗebe kyauta, kowa ya huta. Mai facin bakin mahaɗa kuma muka saya masa nadin sitika mai ƙyalli, duk keken da ya zo faci ko shan iska sai ya manna masa a baya da jikin feda, ya duba birki. Kekuna da yawa a unguwar nan da takalmi ake tsayar da su.

Abin da ya gagara shi ne bin hannun da ba naka ba. Yaro a kan keke ya fi son ya fuskanci motoci, yana ganin ya fi aminci tunda yana kallon su. Direban da ke fitowa daga lungu kuwa ɓangaren da motoci ke zuwa kawai yake dubawa, sai ya ji karo daga ɗaya gefen. Shugaban Islamiyya yana faɗa, liman ya taɓa sako maganar a wa'azi, an ɗan samu sauƙi, amma manya ma yi suke, yaro kuma abin da ya gani yake ɗauka. Abin da ya fi taimakon masu keke a ƙarshe shi ne tudun nan biyu: da motoci suka dawo gudun da bai fi na keke da yawa ba, sai mai keke ya samu damar shiga tsakiyar hannunsa maimakon lafewa a bakin lambatu.

Yanzu ba a kawo mini yara a hannu kamar da, sai ɗan ƙujewa jifa-jifa. Aikin dai bai ƙare ba. Fentin gida muka yi zanen tsallakawa da shi, damina ɗaya ta wanke rabinsa, na titi na ainihi mai ƙyalli da dare kuwa ya fi ƙarfin asusunmu, don haka sabuntawa za mu riƙa yi. Murafe biyu sun fashe inda wata tifa ta hau su da lodin yashi. Ranar Juma'a motocin masallata na rufe hanyar ƙafar gaba ɗaya, kuma ba wanda ke son ya zama shi ne ya fara yi wa Alhazai magana. Ladan ya ce a bar masa wannan. Ƙarshen titin ta wajen baifas, inda direbobi ke shigowa da gudun babbar hanya a ƙafarsu, ba a hannun mai unguwarmu yake ba, sai an zauna da na maƙwabta, kuma an sa zaman bayan sallah.