Litinin: Ranar farko ta kalkulas

Ƙarfe takwas aka sa lakcar, amma mai son kujerar gaba sai ya iso kafin bakwai da rabi, don ba mu kaɗai ba ne. 'Yan kimiyyar sinadarai, 'yan fiziks, 'yan kwamfuta, 'yan lissafi su kansu, duk a zaure ɗaya ake tara mu, tunda MTH 102, wato kwas ɗin kalkulas, wajibi ne ga duk ɗan aji ɗaya na kimiyya a jami'armu. Na baro Runjin Sambo da sauran sanyin asuba, na samu layi na huɗu. Alhamdu lillahi.

Malam bai fara da lissafi ba, da sharuɗɗa ya fara. Maki 30 na tes da aikin gida, 70 na jarrabawa. Wanda halartarsa ba ta kai kashi 75 cikin ɗari ba, ba zai shiga ɗakin jarrabawa ba, kuma wanda ya sa wa abokinsa hannu a takardar halarta, su biyun za su kwashi kashinsu a hannu. Makin tsira 40, A kuwa daga 70 take farawa. Wanda ya faɗi, kari-oba ce, sai baɗi ya dawo ya zauna da ƙannensa. Kalkuleta ta kimiyya an yarda, waya ko mai zana giraf ba a yarda ba. Ya ce mu mayar da kalkuletar kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban da digiri, tun yanzu, don ƙa'idar da ta ce sin x a kan x yana kusantar 1 idan x ya kusanci sifili, da radiyan kaɗai take aiki. A digiri wata lamba daban za ta fito, mutum ya yi ta zargin kalkuleta.

Manhajar zangon kashi uku ce: limit, wato lambar da lissafi yake dosa idan x ya kusanci wata lamba, sai difaransiyeshan, wato neman saurin canjawar abu, sai intagireshan da lissafin faɗin filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi. Ya ɗan taɓo tarihi, cewa Newton a Ingila da Leibniz a Jamus kowa ya gano abin da kansa a ƙarni na 17, kuma dy/dx da za mu yi ta rubutawa alamar Leibniz ce, wanda ya buga aikinsa a 1684. Bayanin da ya fi shiga kaina shi ne na kabu-kabu. Idan ɗan kabu-kabu ya yi kilomita 10 cikin minti 20, matsakaicin gudunsa kilomita 30 ne a awa. Amma allurar mita ba wannan take nunawa ba, gudun daidai wannan ƙiftawar ido take nunawa. Neman wannan gudun, in ji shi, shi ne rabin kwas ɗin.

Sai ya rubuta x² − 4 a kan x − 2, ya ce ina take dosa idan x ya kusanci 2. Zaure ya yi tsit. Wani daga baya ya ce sifili a kan sifili ne, babu amsa. Wata yarinya a gefena ta fasa na saman zuwa (x − 2)(x + 2), ta soke mai kama da na ƙasa, x + 2 ya rage, ta sa 2 a madadin x, ta ce 4. Shi ke nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a duk aikin nan kalkulas ɗin layi ɗaya ne, na ƙarshe. Sauran duk aljabarar sakandare ce, wadda muka haddace don WAEC muka zubar a ƙofar ɗakin jarrabawa. Haka da aka zo buɗe (x + h)² don yi wa x² difaransiyeshan, na ga littattafai da yawa an rubuta x² + h², an haɗiye 2xh, alhali daga cikinsa ne 2x ɗin da ake nema zai fito. Ni a ganina tsoron da ake ba mu da wannan kwas an ɗora shi inda bai dace ba. Waɗanda suka yi Further Maths a sakandare sun fi mu sakewa, gaskiya ne, amma ba don sun fi kowa kai ba, hannunsu ne bai yi sanyi da aljabara ba.

Kafin azahar rana ta buɗe irin ta Sakkwato, na sha fura a bakin ƙofa, na biya kuɗin fotokwafin takardar tambayoyi, na kamo hanyar gida.

Bayan magariba Yaya ya ɗauki takardar yana juyawa. "Wanga shi na kalkulas ɗin da kaka tsoro?" Na ce shi ne, Yaya. Ya shiga ɗaki ya lalubo mini tsohon littafinsa na SS2, bangon duk ya cinye, ya ce in fara da babin fasa lissafi da na tirigonometiri kafin in taɓa limit. Na yi tambaya goma sha biyu kafin a ɗauke wuta, uku sun ƙi fita. Su zan kai tutoriyal ranar Asabar ƙarfe goma, in Allah ya kai mu. Tes na farko kuma mako na shida ne.