Abin da ya wuce ni a labarin Sidi da Lakunle

Ƙannena, a shekarata ta ƙarshe a sakandare malaminmu na adabi ya sa muka fito da wasan kwaikwayon Wole Soyinka mai suna The Lion and the Jewel, ni kuma aka ba ni Lakunle. Na haddace maganganunsa tsaf, 'yan kallo suka sha dariya, na ɗauka na gane wasan. Bayan shekara shida na aikata irin abin da Lakunle ya aikata, na rasa yarinyar da nake so.

An fara nuna wasan a Ibadan a 1959, aka buga shi littafi a 1963, tun kafin Soyinka ya sami kyautar Nobel a 1986. Labarin yini ɗaya ne, safiya da rana da dare, a wani ƙauyen Yarbawa da ya kira Ilujinle. Sidi ce tauraruwar 'yan matan garin. Masu nemanta biyu: Lakunle, malamin makaranta ɗan kusan shekara 23, da Baroka, Bale na garin, wato dagaci, mai shekara 62 da mata cike da gida.

Abin da ya wuce ni ina yaro shi ne Sidi ba ta ƙi Lakunle ba. Ta faɗa masa ƙarara cewa za ta aure shi ko yaushe, muddin ya biya kuɗin aurenta, domin in ta shiga ɗakinsa ba a biya komai ba mutanen gari za su ce ba budurwa ba ce. Mutuncinta take karewa. Shi kuwa sai ya zazzage mata manyan kalmomin da ya kwaso daga ƙamus, ya ce al'adar ta jahilai ce, ya ce ƙwaƙwalwar mace ba ta kai ta namiji girma ba, ya kira ta baƙauya. Ya yi mata alkawarin cin abinci da cokali mai yatsu da sa takalmi mai tsini irin na matan Legas. Ko ɗaya daga ciki ba ta roƙa ba.

Da na gama kwalejin horar da malamai aka tura ni koyarwa wani ƙauye, a can na ga wata yarinya mai hankali. Abu ɗaya ta nema, in turo magabatana su gaishe da mahaifinta a sa rana. Duk daren da na je zance sai in buɗe mata karatu: lefe almubazzaranci ne, kayan na gani ina so bidi'a ne, mutanen garinku ba su waye ba. Ina gyara mata magana a gaban ƙawayenta. Gaskiyar da na ɓoye ita ce albashina ba zai haɗa akwati ko biyu ba, kunya ta hana ni faɗi, sai na lulluɓe rashina da wa'azi. Har gobe ina ganin an ɗora wa samari nauyi a harkar lefe, amma ba ita ta ɗora ba, kuma ba a dandalin zance ake sauke shi ba. Shekara ɗaya da rabi muna haka. Wata rana ta ce mini, "Malam, kullum koya mini kake yi, ban taɓa jin ka tambaye ni abin da nake so ba." Ko wannan ban saurara ba, bayani na sake yi mata. Aka ba da ita ga wani ɗan kasuwa da ya girme ni nesa ba kusa ba, ta shiga a ta uku. Daga baya mahaifinta ya gaya wa kawuna cewa da na zo da sadaki kawai na faɗi ƙarfina, da ya ba ni.

Kuskurena na biyu game da Baroka ne. Na daɗe ina kallonsa a matsayin dattijo mai hikima da ya kayar da ɗan boko, har na taɓa yabonsa a aji, ga 'yan mata zaune suna ji. Ina nadamar wannan. Ku dubi yadda ya yi. Wani mai ɗaukar hoto daga Legas ya sa hotunan Sidi a mujalla, fuskarta ta cika bango, hoton Baroka kuwa ɗan ƙarami a gefe, kusa da masai na garin. Kan Sidi ya kumbura, da Sadiku uwargidan Baroka ta kawo mata saƙon aure ta ce ta fi ƙarfin tsoho. Sai Baroka ya raɗa wa Sadiku wai ƙarfinsa na namiji ya ƙare, yana sane bakinta ba ya riƙe magana. Sadiku ta fita tana rawar murna, Sidi ta ji, ta ɗauki ƙafa ta tafi gidansa ita kaɗai don ta yi masa ba'a. Ta tarar yana kokawa, ya kayar da abokin karawarsa a gabanta, sannan ya nuna mata wata na'ura ya ce da ita za a buga kan sarki ɗauke da fuskarta, duniya ta gani. Ya gano abin da ta fi so ya ɗana tarko da shi, ta faɗa, ya raba ta da budurcinta. Mutumin nan ne dai Lakunle ya ba da labarin ya toshe bakin Bature safiyo aka kauce da hanyar jirgin ƙasa daga garin. Wasan na ban dariya ne, amma abin da aka yi wa Sidi a daren nan yaudara ce ta mai iko a kan yarinya.

Ku 'yan mata, mujallar Sidi yanzu tana cikin wayarku. Ba laifi mace ta san tana da kyau. Amma in babban mutum ya fara yabon hotonki da alkawarin zai ɗaukaka ki, ki gaya wa mahaifiyarki ko yayarki tun ranar farko, kuma kada ki je gidansa ke kaɗai, ko da nufinki ki nuna masa kin fi ƙarfinsa. Labarin da aka kawo miki cewa ba shi da haɗari, ki tambayi kanki daga bakin wa ya fara fitowa.

Ku kuma samari, ku lura da abin da Lakunle ya yi da Sidi ta dawo tana kuka. Ya ce zai aure ta, amma ya yi maza ya ƙara da cewa tunda ba budurwa ba ce, maganar kuɗin aure ta faɗi. A nan ta gane abin da ke ransa tun farko, ta miƙa masa mujallar, ta tafi gidan Baroka. In ba ka da kuɗi, ka faɗa. In kana ƙin wata al'ada, ka kai maganar gaban manya cikin ladabi, kada ka huce a kan yarinya.

Lokacin da na nemi matata ta yanzu, a sati na uku na tura kawuna. Da na je gaishe da mahaifinta na zauna a ƙasa na ce, "Baba, ga albashina, ga abin da zan iya." Ya yi shiru ɗan lokaci, sannan ya sa a kira masa ƙaninsa a tsayar da rana.