Wasiƙa daga Jidda: ciwon ƙodar da ke tara iska

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaishe ku daga Jidda, da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da yanayi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren ƙoda da mafitsara na wani asibiti a nan. Da yake Hausa ce a bakina, idan aka kawo wani namu mazaunin nan, ko baƙon da ya zo Umara ciwo ya kayar da shi, ni ake kira tafinta. Wani ciwo nake so mu tattauna a kai, wanda ba kasafai ake ganinsa ba, amma in ya zo ba ya jira. Likitoci na taƙaita sunansa da EPN. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga ƙoda, su riƙa cinye namanta suna fitar da iska, har iskar ta taru a ciki.

Kusan tara cikin goma na masu kamuwa da shi masu ciwon suga ne, akasari waɗanda sugansu ya daɗe a sama ba a kula ba. Mata sun fi maza nesa ba kusa ba, kuma ƙodar hagu ya fi kamawa. Ƙwayar da ta fi jawo shi ita ce E. coli, wadda dai ke haddasa yawancin ciwon mafitsara da muka saba da shi, sai Klebsiella ta biyo baya. Bambancin kawai, a jikin mai suga ƙwayar tana tarar da abinci a wadace. Tana cin sugan da ya jiƙe naman ƙodar tana amayar da iska, kamar yadda ƙullun waina ke tashi in an sa masa yis ya kwana. Jijiyoyin jinin mai suga kuwa sun riga sun raunana, ba sa iya kwashe iskar, ba sa kai magani wurin yadda ya kamata. Wanda ba shi da suga ya kamu, to galibi wani abu ne ya toshe hanyar fitsari, musamman tsakuwar ƙoda. Tsakuwa kuma a ƙasar nan ba baƙuwa ba ce: ga zafi, ga mutanenmu da ke ƙin shan ruwa a Harami don kada alwala ta karye su rasa sahu.

Inda gizo ke saƙa shi ne alamomin. Zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, ciwon kwiɓi ko baya, amai, wani lokaci zafin fitsari. Ku faɗa mini, wace uwa ce za ta kawo wannan koke a kemis ɗin unguwa a gida ba a ce mata maleriya da taifod ba? In mace ce a ƙara da "sanyi ne", a haɗa mata jiƙo. A haka kwana uku, huɗu za su wuce, ƙwayar ta shiga jini, jini ya yi ƙasa, fitsari ya ragu, Hajiya ta fara sambatu ana cewa zafin zazzaɓi ne. Ba na ganin laifin kowa da ya fara zargin maleriya, ƙasarmu ce. Abin da ba na yarda da shi shi ne mai ciwon suga ta kwana biyu ko uku tana shan magani, zazzaɓi bai sauka ba, kwiɓi na ciwo, a ce a ƙara mata wata allurar a gida.

Gwajin fitsari da na jini za su nuna akwai cuta, amma ba za su nuna iska ba. Sikanin ciki da aka saba yi ma yakan ruɗi mai dubawa, domin iskar na iya kama da ta hanji ko da tsakuwa. Hoton CT, wanda ke nuna cikin jiki dalla-dalla, shi ne ke raba gardama, kuma ba sai an yi allurar ruwan hoto ba, wadda dama ake gudu in ƙoda ta raunana. A shekarar 2000 wasu likitoci biyu a Taiwan, Huang da Tseng, suka duba marasa lafiya 48 suka kasa ciwon mataki huɗu bisa abin da hoton ya nuna, kuma har yau da rabonsu ake aiki: daga iskar da ta tsaya a mazubin fitsari, zuwa wadda ta shiga naman ƙoda, zuwa wadda ta fasa ta fita kewayenta, har wadda ta kama ƙoda biyu ko ta kama mai ƙoda ɗaya tal. Sun kuma lura da abubuwa huɗu da ke nuna haɗari ya ƙaru: faɗuwar jini, gushewar hayyaci, tsayawar aikin ƙoda, da ƙarancin ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare.

A da, da an gano shi sai ɗakin tiyata a cire ƙodar, kuma duk da haka da yawa ba sa tashi. Yanzu an sauya. Za a fara da ƙarin ruwa, a ajiye ƙwayoyin suga a koma insulin, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi ta jijiya tun kafin sakamakon gwaji ya fito. Da yake E. coli ta koyi bijire wa magungunan da aka saba, sau da yawa sai an kai ga irin su meropenem, wanda kuɗinsa ba wasa ba. Daga nan a soka siririn bututu ta baya, hoto na nuna hanya, a zuƙe mugunya da iska. In tsakuwa ce ta toshe, a zura wani bututun ta ciki fitsari ya samu hanya. Wasu sai an yi musu wankin ƙoda na ɗan lokaci. Cirewa ta zama ta ƙarshe, sai ƙodar ta mutu ko bututun bai yi aiki ba.

A nan ne tafinta ke shan wuya. Dangi da sun ji "bututu" ko "cirewa" sai a ce a dakata a kira Yaya a Kano, shi kuma sai ya ji ta bakin Kawu. Shawara da manya tarbiyyarmu ce, amma wannan ciwon da awa ake lissafa shi. Kuma mutum na rayuwa lafiya lau da ƙoda ɗaya in ɗayar na da kyau.

Ku da ke gida, in abin ya kai haka, ku nufi babban asibitin da ke da na'urar CT da likitocin mafitsara, irin asibitocin koyarwa na Kano, Shika, Sakkwato ko Maiduguri, kuma ku faɗa tun daga ƙofa cewa marar lafiyar na da suga. Masu turo iyaye Umara kuwa, don Allah ku haɗo su da maganinsu isasshe, da na'urar awon suga, da takardar da ke ɗauke da sunayen magungunan. Lambar motar asibiti a nan 997 ce, ku sa musu a waya kafin su hau jirgi.

A gaida mutan gida.

Wassalam,
'yar'uwarku a Jidda