Abin da zaman Madina ya koya mini game da raina kai

Zafin Madina yakan haura digiri 40 a watan Yuli, amma sabon ɗalibi a Jami'ar Musulunci yakan saba da shi kafin ya saba da raina kansa. A Kano ko Damagaram "Malam" ake ce masa, har limanci yake yi a unguwa. Ya zo nan an tura shi Ma'ahad ya faro Larabci daga tushe, ga ɗan Indonesiya a gefensa yana zuba hadda babu gargada. Sai ya daina ɗaga hannu a aji, daga nan ya daina fitowa daga ɗaki.

Na lura yawancin waɗanda suka farfaɗo barcinsu suka fara gyarawa. Saudiyya ta riga Najeriya da Nijar da awa 2, don haka in ka biye wa hirar 'yan gida a WhatsApp har ƙarfe 11 nasu, kai ƙarfe 1 ta yi maka, ga asubar bazara wajen ƙarfe 4. Likitoci sun ce babba na bukatar aƙalla awa 7. Wanda ya yi barcin awa uku kacal, gyaran da malami zai yi masa a nahawu ma sai ya ji kamar zagi ne. Ni dai na sanya wa gida lokaci bayan la'asar, Hajiya ta yi ƙorafi, daga baya ta saba. Ƙailula kuwa ba na wasa da ita.

Sai tafiyar ƙafa. Daga Harami (Masallacin Annabi) zuwa Masallacin Kuba akwai hanyar masu tafiya a ƙasa, kimanin kilomita 3, kuma Asabar babu karatu. Ga sunnar ziyarar Kuba, ga motsa jini, ga hira da ɗan'uwa. Maganar da mutum ba zai faɗa a zaune ba, a hanya takan fito da kanta.

Ƙanin da na ga ya yi sanyi ba na yi masa wa'azi, wa'azi ya ishe shi a nan. Cewa nake, "Taso mu je, yau akwai tuwo da miyar kuka a ɗakin su wane." In makonni suka wuce bai ci, bai barci, to asibiti za mu, kuma ban yarda kowa ya ce masa raunin imani ne ba.